Ƙafar Tuttu Maniku a Kan Sandar Tuƙi

A tsibirinmu idan aka ce "jirgin Tuttu", ba mai duban inda ake ɗaure jirage. Kowa ya san na ƙarƙashin ruwa ake nufi, wanda ke kwance a gefen mashiga, ƙofar da jirage ke bi su shigo tsibirin, inda ƙarfen tutarsa ke leƙowa in teku ta janye. Mai sunan kuwa, Tuttu Maniku, maƙwabcinmu ne. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, kuma gajeriya ce, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne.

Tuttu gajere ne, kakkaura, mai faɗin ƙafa. Ƙafar nan ita ce sana'arsa. Doni, jirgin katakonmu na kamun kifi, ba mai tuƙa shi da hannu sai ɗan koyo. Keyolu na gaske, wato shugaban doni mai tuƙa shi, tsayawa yake a baya, ya ɗora tafin ƙafa a kan sandar tuƙi, hannu ɗaya a igiyar inji, ido a kan launin ruwa. Shuɗi mai duhu ka wuce abinka, kore ka yi hankali, in ka ga ruwa ya yi ƙasa-ƙasa kuwa dutsen murjani ne, sai salati. Tun gemu bai fito masa ba aka ba Tuttu doni, kuma ana cewa yana iya shan shayi, yana faɗa da yaran jirgi, ƙafar tana aikinta ita kaɗai.

Sunan nan ne ya kai shi ga wani ɗan kasuwa a Male, babban birnin ƙasarmu Maldif, wanda ya sayi tsohon jirgin ƙarfe na dakon kaya yana neman matuƙi. Jirgin sitiyari gare shi. Tuttu ya duba ya ce, "Wannan ai tuƙin mota ne." Amma ya karɓa, don matarsa Sanfa ta riga ta gaya wa matan unguwa.

Ya yi 'yan shekaru yana kawo mana shinkafa da sukari da kananzir da siminti lafiya lau. Ranar da abin ya faru, la'asar ta yi sanyi, rana tana daidai fuskarsa, ta mai da teku kamar farantin silba. A irin wannan lokaci ba launin da ake gani, sai a bi sanduna. Muna kafa dogayen sanduna a bakin dutse, mu ɗaura musu farin tsumma, su nuna wa mai shigowa inda ƙofa take.

To, da safiyar ranar, Kalo, ƙanin Sanfa, ya gano ramin wata ƙatuwar bowa, kifin nan mai hannu takwas. Ya yi ta zungura ta ƙi fitowa har ruwa ya fara dawowa. Don kada ramin ya ɓace masa, sai ya kafa sanda a wurin, ya yagi farar singiletinsa ya ɗaura, ya tafi gida cin abinci. Da la'asar ɗin Tuttu ya hango farin tsumma, ya juya sitiyari.

Ƙarar har masallaci an ji ta. Ba wanda ya mutu, ko ƙwarzane ba a yi ba. Maza da mata muka shiga ruwa muka kwashe buhunan shinkafa da sukari a ka. Simintin ne ya riga ya sha ruwa, aka bar shi. Da iskar damina ta taso, ta zame da jirgin daga kan dutsen, ya zauna a yashi a miƙe, kamar an ajiye shi da gangan. Mai dogon numfashi yana iya nutsawa ya taɓa rufinsa ya dawo.

Kowa ya san sandar Kalo ce. Amma a wurinmu ba a tambayar wa ya kafa sanda, wa ke tuƙi ake tambaya. Ɗan kasuwan ya sallame shi, kuma daga ranar ba mai doni da ya sake ba shi sandar tuƙi. Ba ƙiyayya ba ce. Ana gaishe shi, ana ba shi kujera mai kyau a shagon shayi, in iska ta rikice har tambayarsa ake yi ko za a fita. Sai dai jirgi dukiyar gida guda ce, ba mai son a ce shi ya gwada.

Ya koma dafa kifin tuna da shanya shi a hayaƙi, aikin da mata da tsofaffi suka fi yi. Bai taɓa ƙorafi ba. Abu ɗaya ne ya ƙi bari. Duk ranar da za a tura sabon doni ruwa, gari kan fito a ja shi a kan gungumen kwakwa, mai jirgi ya raba alewar kwakwa, sannan ya faɗi sunan keyolunsa a gaban jama'a. Tuttu ba ya fashi. Zai zo da zanensa a goge, ya kama igiya ya ja tare da samari, ya tsaya inda za a gan shi. A kira sunan wani. Ya karɓi alewarsa ya koma gida.

Ina jin Sanfa ta bayan katanga. "Gawayina kawai nake ɓarnatarwa a guga. Ka je da na jiya mana, ai alewar ɗaya ce."

"Goge dai, Sanfa."

Sai ta goge.

Shi da Kalo kuwa ba su yi gaba ba, ba su kuma shirya ba. Kullum bayan azahar suna teburi ɗaya a shagon shayi. Kalo ne ke fara tsokana, yana kiransa Bebe, yadda muke kiran yaya namiji.

"Bebe, riƙe kofin nan da kyau, kada ya nutse."

"Kofina lafiya lau. Kai fa, yau singileti nawa ka shanya wa jirage?"

"Ɗaya tak na taɓa shanyawa, kuma kai kaɗai ka gani a duk Maldif."

"Ka ci bowar ma kuwa?"

"Ina fa! Ka ɗora mata jirgi a ka."

Haka aka yi ta yi fiye da shekara ashirin. Su biyun suka yi furfura, shi kuma jirgin can ƙasa ya yi nasa girman. Yara ne suka fara kawo labari. Buhunan simintin sun daskare a jere kamar matasan kai, murjani ya kama su ya tsiro. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Ƙananan kifi suka tare, manya suka biyo su. Abin da ya fi daɗi, wurin ba zurfi. Ko ba ka iya nutso ba, ka sa gilashin ruwa da bututun numfashi ka kwanta a saman ruwa, jirgin gaba ɗaya yana ƙarƙashinka, rana tana haska shi.

Da aka fara buɗe gidajen baƙi a tsibiran da mutane ke zaune, namu ba shi da wani abin nunawa da ya wuce na maƙwabta sai jirgin Tuttu. Baƙi suka yi ta zuwa. Gidan da ake soya kifi ya zama gidan abinci, masu saƙar tabarma suka samu masu saye. 'Yar Tuttu ta fari, Shiuna, ta je ta koyo nutso da tukunyar iska, ta dawo ita ke shiga da baƙi.

Takan dawo da gashi a jiƙe ƙarƙashin mayafi ta zauna kusa da babanta. "Bappa, daidai inda kake tsayawa wani murjani ya buɗe kamar tebur. Akwai kunkurun ruwa da ke barci a ɗakin inji. Ka zo ka gani sau ɗaya."

"Ki gaishe shi."

"Bappa, wallahi ya fi lokacin da yake sama kyau."

"Wanda ya binne ba ya komawa ya tone don ya ga ko an kwanta daidai."

Bai je ba. Baƙin da suka ji cewa matuƙin yana raye sukan zo neman hoto da shi, sai ya shige ɗakin hayaƙi ya ce kifi zai ƙone.

Yawan jirage ya kawo nasa ciwon. Kowa ya zo sai ya jefa ƙugiyar tsayar da jirgi, ita kuma in za a cire ta sai ta taho da reshen murjanin da ya yi shekaru yana girma. Majalisar gari ta zauna ta hana: ba a sake jefa ƙugiya a kan jirgin Tuttu, duk wanda ya kai baƙi ya riƙe jirginsa da inji har su fito. Faɗa da baki ba wuya. Ruwan mashiga gudu yake, safe ya shiga, yamma ya fita, kuma a gefen jirgin yana yin wani juyi. Samarin da ke tuƙa ƙananan jirage masu gudu sun iya tsere, amma tsayuwa wuri ɗaya ta gagare su. Har aka kusa yanke wata baƙuwa da farfela.

A nan ne Nizaru, wani yaro mai gidan baƙi inda nake aikin kicin, ya sayo tsohon doni daga wani tsibiri, mai sandar tuƙi irin ta da. Ya ce ya fi nauyi, ya fi zama a ruwa, kuma baƙi suna son katako. Saura keyolu. Shiuna ta ce a ba babanta.

Nizaru ya sosa ƙeya. Datta yake ce mata, wato yaya mace, ita kuma ta ce masa Kokko, wato ƙane. "Datta, ki yi mini adalci. Mutumin da ya nutsar da jirgi zan ɗora wa baƙi, in kai su kallon jirgin da ya nutsar?"

"Ba don ya nutsar ba, me za ka nuna musu, Kokko? Yashi?"

Ya yi dariya, amma bai saki jiki ba. A ƙarshe ya ce fita ɗaya, shi ma yana ciki. In ya ga abin da ya kwanta masa, tuƙin doni na Tuttu ne. In bai gani ba, kada a sake tayar da maganar.

Shiuna ta je ta gaya wa Tuttu. Ya tashi ya je bakin gaɓa ya zagaya donin, ya hau, ya ɗora ƙafa a kan sandar ya tura ta hagu da dama. Ya sauko ya ce, "Tana da ɗan nauyi ta dama." Shi ke nan godiyarsa.

Sai matsalar mutumin gaba. Kowane doni yana da mai tsayawa a goshi, shi ke kula da igiya, kuma keyolu ne ke zaɓen nasa. Tuttu ya tambayi samari, kowa da uzurinsa, wannan ciwon baya, wancan zai je Male. Da safen fitar sai ga Sanfa ta taso ƙaninta a gaba.

"Ga shi. Shi ya ɓata, shi zai gyara."

"Datta, ni fa na daina fita teku."

"Yau ka koma."

Tuttu ya dube shi sama da ƙasa. "Da singileti ka zo?"

"Baƙa na sa, Bebe, don hankalinka ya kwanta."

Muka fita da hantsi. Baƙi kaɗan ne, mata da miji da wasu 'yan mata biyu, sai Shiuna da Nizaru, sai ni da buhun ɗanyar kwakwa da adda. Ruwa yana shiga da ƙarfi. Tuttu ya fita ta mashiga kamar jiya ya sauka, ya zagayo ta inda ruwan ke gangarowa, ya nufo nutsattsen jirgin. Muna iya ganin inuwarsa a ƙasa, doguwa, kifi suna tashi a kanta kamar tsuntsaye a gona. Shi bai kalli ƙasa ba ko sau ɗaya. Bakin dutse yake kallo da wata bishiyar kwakwa a gaɓa, yana auna kansa da su.

Da ya zo daidai wurin, ya saki igiyar inji, ƙarar ta sauka.

Duk wanda ya taɓa fita kamun ƙananan kifin da ake yi wa tuna tarko da su ya san wannan. Keyolu ba ya ihu ya ce a jefa ƙugiya, don ihu yana korar kifi. Saukar ƙarar inji a kan dutse ita ce umarnin. Kalo ya yi shekara arba'in yana jin wannan sauti yana jefawa. An gaya masa dokar majalisa, shi da bakinsa ya maimaita ta a shagon shayi. Amma sabo turken wawa. Kafin kowa ya buɗe baki, hannunsa ya ɗauki ƙugiyar rodi mai yatsu huɗu ya wurga. Muka ji tsulum.

Kalo ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na aro. Nizaru ya dafe kai. "Inna lillahi! Kalo Bebe, ka kashe ni!"

Shiuna ta sa gilashi ta leƙa ta gefe, ta ɗago. "Ta faɗa tsakiyar babban teburin, Bappa. Ta karya gefe ɗaya, yatsunta sun shige ƙarƙashi. In igiyar ta miƙe, gaba ɗaya za ta tumɓuke shi."

Ruwa kuwa ya riga ya fara jan mu baya, igiya tana zarewa daga gindin Kalo. Nizaru ya ce a yanke ta. Shiuna ta ce in an yanke, doguwar igiya za ta bi ruwa ta nannaɗe murjanin tana tsinka shi. Hanyar masunta ita ce a ba inji wuta a fizge, kuma ita ce aka hana.

Tuttu bai ɗaga murya ba. "Kalo."

"Bebe, wallahi hannun ne..."

"Bar hannun, ba yanzu ba. Kama igiyar. Kada ta miƙe, kada kuma ta yi sako-sako ta zo mini ƙarƙashin jirgi. In na matsa ka tattara, in na ja baya ka saki. Shiuna, sa tukunyarki. Ta goshi za ki sauka, ki bi igiya, kada ki zo ta baya."

Ya ɗan ja igiyar inji, donin ya daina zamewa. Ya ƙara kaɗan, ya matsa gaba har igiyar ƙugiya ta yi ciki. Sannan ya tsaya. Doni mai nauyi, a ruwa mai gudu, ba abin da ya riƙe shi sai inji da ƙafar tsoho. Ruwan ya bugo goshi ta dama, ƙafar ta amsa tun kafin mu ji. Juyin nan na gefen jirgi ya kama mu ta baya, ya sassauta, ya bari ya wuce, ya koma inda yake. Yatsun ƙafarsa sun kama sandar kamar hannu. Gumi yana zuba daga haɓarsa bai share ba.

Shiuna ta shiga. Muna ganin kumfarta tana tasowa a gaban goshi. Baƙin ba su san wani abu ya ɓaci ba, sun ɗauka haka ake yi, suna leƙawa suna nuna wa juna kifi. Na fasa musu kwakwa don su zauna wuri ɗaya.

Abin ya daɗe, don yatsa ɗaya ya maƙale a ƙarfen gefen nutsattsen jirgin, sai da ta juya ƙugiyar a hankali ta zare ta ta inda ta shiga. Igiyar ta goge wa Kalo tafin hannu har jini, bai saki ba, bai kuma yi magana ba, abin da ban taɓa gani ba. Ƙafar Tuttu ta fara rawa. Nizaru ya matso ya ce, "Bebe, in riƙe maka da hannu?"

"Zauna, Kokko. Kana tare mini bishiya."

Can sai igiyar ta girgiza sau biyu. Kalo ya fara ja, ƙugiya ta taso, Shiuna tana biye da ita tana riƙe yatsun don kada su taɓa komai. Da ta fito ta cire abin bakinta ta ce, "Gefen da ya karye kamar tsawon hannuna. Sauran yana nan."

Tuttu ya sauya ƙafa. "To, shiga da baƙinki. Ai kallo suka zo."

Suka shiga, suka yi iyonsu, suka ga kunkurun, suka fito suna ta murna. Duk tsawon lokacin donin yana gefe ta inda ruwa ke gangarawa, inda in gudun ya ɗebo mutum zai kawo shi bakin tsani.

Sai dai a tsibiri ba a jefa ƙugiya a ɓoye. Kafin mu ɗaure jirgi labari ya riga mu zuwa majalisa. Suka yanke cewa donin Nizaru ba zai sake zuwa wurin ba sai iska ta juya, watanni ke nan, kuma a tsakiyar lokacin baƙi. Nizaru ya fita daga ofishin bai kalli kowa ba. Tuttu ya koma gida, ya hura wutar ɗakin hayaƙi, ya jera kifinsa.

Bayan la'asar ina wanke tukwane na ji sallamar Nizaru a gidansu. Sanfa ta ba shi kujerar igiya ta kawo shayi. Ya daɗe yana juya kofi.

"Bebe, an hana ni wurin."

"Na ji."

"Baƙina sai dai in ba wasu su kai mini."

"Haka ne. Ka yi haƙuri."

"Amma doni ba ya zama a ɗaure, katako lalacewa yake. Ina da kayan da ake ɗauko mini daga babban tsibiri. Tukwanen gas, albasa, ƙwai."

"Ƙwai?"

"Ƙwai, Bebe."

Tuttu ya gyara zama. Sannan ya ce, "Wa zai tuƙa?"

"Wa kuwa? Na ga mutum ya tsayar da doni a mashiga kamar an kafa shi da ƙusa. In iska ta juya kuma ka koma kai baƙi. Sharaɗi ɗaya, ban da Kalo Bebe."

"A'a. Kalo ya riƙe igiya yadda yaranka ba za su iya ba. Bar mini shi. Ƙugiyar za ka cire daga goshi, ka sa ta a akwati ka kulle, ka ba ni makullin."

Nizaru ya yi dariya har ya ƙware. Sanfa ta leƙo daga kicin. "Ku kulle hannun ma in akwai wuri."

Washegari da safe aka ga donin ya fita, Tuttu a baya, Kalo a goshi da hannu a naɗe da tsumma. Ba a ja jirgi ba, ba a raba alewa ba, ba a kira suna a gaban jama'a ba. Amma a shagon shayi ranar, da ya shigo, mai shago ya ce, "Keyolu, baƙi ko da madara?" Tuttu ya ce baƙi, ya zauna.

Iska ta juya, ya koma kai baƙi, yana yi har yanzu, kodayake ƙafar hagu ta fara yi masa gardama da sanyin safiya. Dakon kayan ma bai bari ba, ya ce ya saba da mutanen kasuwar can. Nizaru ya ce tun da aka fara, ƙwai bai taɓa fashewa a donin nan ba, in ban da faranti ɗaya da Kalo ya zauna a kai.